Shekarar da Shanun Baffa Suka Cinye

Shekarun baya, lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, wani abu ya same ni da ya sa na ƙara shekara guda cur a kan abokan karatuna. Waɗanda muka yi makaranta tare a cikinku sun san na makara, amma kaɗan ne suka san dalili. Akwai ma wanda har yau yake zaton jarrabawa na faɗi, ni kuma ban taɓa gyara masa ba. Yau dai na ga ya kamata in faɗi yadda aka yi.

Ni mutumin Yammedi ne, ta ƙasar Ƙaraye. Ban shiga jami'a da wuri ba. Bayan na gama sakandare sai da na yi shekaru ina kai-komo tsakanin gona da ɗakin jarrabawa, lissafi yana kayar da ni ina tashi. Da Allah ya nufa na sami gurbi, sai aka ba ni fannin noma. Abokaina suka yi ta dariya, wai ɗan manomi jikan manomi ya tafi birni a koya masa noma da Turanci. Ni ma na taya su dariyar.

Karatun noma shekara biyar ne a takarda. A aji ɗaya ka sha kimiyyar da ba ka ga haɗinta da fartanya ba. In ka faɗi wani kwas ka ɗauko shi a ka zuwa shekara ta gaba, abin da muke kira kariyoba. Ni ma na ɗauki guda, na samu na sauke shi a aji biyu. Aji huɗu kusan a gonar makaranta ake ƙare shi, tsakanin kunya da kejin kaji. Sai aji biyar, inda furojet yake jiran kowa, wato binciken da ɗalibi zai yi da hannunsa, ya rubuta, ya tsaya a gaban malamai ya kare shi. In babu shi, ko ka cinye kowane kwas, babu digiri.

Ni kuma akwai wata damuwa da nake ɗauke da ita ni kaɗai. Ƙa'ida ita ce wanda ya haura shekara talatin kafin ya kammala ba a tura shi bautar ƙasa, takardar ɗauke nauyi kawai ake ba shi. Yajin aikin malamai ya riga ya ci mana lokaci, ni kuma ina bakin talatin ɗin. In na gama tare da 'yan ajinmu zan tsallake da ƙyar. In na ƙara ko da kaɗan ne, shi ke nan. Wani zai ce mene ne abin damuwa a ciki. To, ni mutum ne da bai taɓa wuce Zariya ba, ina so in ga ƙasa. Kuma mun sha ganin wanda ya tafi bautar ƙasa aka riƙe shi aiki a inda ya yi ta. Ɗan talaka da ba shi da kowa a sama, wannan ita ce ƙofar da yake hange.

Malamar da aka haɗa ni da ita don ta duba furojet ɗina dattijuwa ce mai ƙarancin magana. Muka tsayar da cewa zan gwada iri-irin gyaɗa, in ga wadda ta fi bayarwa da takin gargajiya da wadda ta fi son na zamani. Ana shirin raba mana fili a gonar makaranta sai aka sake tafiya yajin aiki, daidai faɗuwar damina. Ina gida ta kira ni.

Ta ce, "Damina ba ta san da yajin aiki ba. Kuna da gona a gida?"

Na ce, "Muna da ita, ranki ya daɗe."

"To je ka shuka yadda muka tsara. Ka riƙa turo min hotuna da duk awon da ka yi. In an dawo sai rubutu kawai ya rage maka."

Mahaifina ya yanka min wani yanki a ƙarshen gonarsa, wajen da ya yi iyaka da burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa kiwo. Na zo da igiya da turaku na rarraba filin, na yanka gwangwani na rubuta sunan kowane iri da takin da aka sa masa, na kafa a bakin kowane fegi. Mahaifina ya tsaya yana kallona, hannu a baya. Can ya ce, "Yanzu ita gyaɗar har suna aka raɗa wa kowace kunya?" Na ce haka ake yi. Ya ce, "To Allah ya raya su." Ya koma bakin aikinsa.

Can bayan gonar tamu akwai rugar wani dattijo Bafulatani, aminin mahaifina, muna ce masa Baffa. Asalinsa mutumin Falgore ne ta ƙasar Rogo, ya taso ya zauna a nan tun ban zo duniya ba. Duk rani a gonarmu shanunsa ke kwana, su ci kara su bar mana taki, kuma ban taɓa jin an yi ciniki a kan haka ba. Ɗansa namiji ɗaya ne. Sun sami saɓani a kan sayar da wasu shanu, maganganu masu zafi suka shiga tsakani, ɗan ya yi fushi ya tafi kudu, aka yi shekaru sai dai a ji labarinsa a bakin wasu. Shi ya sa Baffa, duk da tsufansa, shi yake fita da shanunsa da kansa.

Gyaɗata ta yi kyau. Ba yabon kai ba, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya duba. Kullum da safe ina can da ruwla da ɗan littafi, ina auna tsayi ina ƙirga rassa, har 'yan garinmu suka fara ce min likitan gyaɗa.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Ƙaraye ce, kusan duk mazan ƙauyen sun tafi, har da mahaifina. Ni ma na ari babur ɗin abokina na shiga gari na sayo maganin feshi, na tura wa Malama hotuna tunda a can waya ta fi kamawa. Bayan azahar na juyo, na ce bari in biya ta gona. An yi ruwa kwana ɗaya kafin nan, ƙasa ta yi laushi. Gyaɗar ta yi fure ruwan ɗorawa, tana shirin sakin ƙwaya.

Tun daga nesa na hango shanu sun baro burtali. Na gaba-gaba sun sa kai a kunyoyin farko, sauran suna biye. Na jefar da babur na ruga ina ihu, na tsinci wani itace ina ɗaga musu. A nan na ga Baffa kwance a gindin marke, ta gefe ɗaya, malafarsa ta faɗi, sandarsa can nesa da shi. Na ɗauka barci ya ɗauke shi.

Na ce, "Baffa, tashi, shanu sun shiga."

Bai tashi ba. Na matsa kusa. Idonsa a buɗe yake yana kallona, bakinsa ya karkace gefe guda, yawu yana zuba. Ya yi ƙoƙarin ɗaga hannun dama, hannun bai motsa ba. Na taɓa ganin irin wannan a jikin kawuna, kuma na san abin da ya same shi da aka ce a bari zuwa safe a gani.

Na tsaya. Ba zan ce muku ban tsaya ba. Na dubi Baffa, na dubi gona. A lokacin abin da aka ci bai kai a yi kuka ba, kunya biyu ne ko uku, da na iya rubutawa a matsayin asarar da aka samu a wuce. Na koma da gudu na kori waɗanda suka shiga, amma shanu ba su san muryata ba. In na kori waɗannan ta nan, wasu su zagayo ta can. Kafin in tattara su in kai su ruga sai an ɗauki lokaci mai tsawo, kuma babu kowa a rugar sai matar Baffa, ita ma tsohuwa. Na kira mahaifina, cikin hayaniyar kasuwa da ƙyar ya ji ni, ya ce ga shi nan, amma na san nisan da ke tsakaninmu. Na waiwaya ko'ina, babu mutum ko ɗaya. Numfashin Baffa kuma ya fara fita da wani irin gurnani.

Na warware rawaninsa, na tayar da babur, na ciccibe shi na ɗora. Mutum ne siriri amma ranar nauyinsa kamar buhun dawa. Na zauna a gabansa na ɗaure shi a bayana da rawanin, yadda mace ke goya ɗa. Da na tada inji na waiwaya sau ɗaya. Wata farar saniya ta ture turken farko, ta taka gwangwanin da na rubuta, ta sa baki a fegin da ya fi kowane kyau. Ban ƙara waiwayawa ba.

A hanya kansa yana kan kafaɗata, yana ta maimaita wata kalma da ban gane ba saboda yadda harshensa ya yi nauyi. Sai daga baya na fahimci da Fulatanci yake cewa na'i, na'i, wato shanu. Ko a wannan hali su yake tunani, ko kuwa yana so ya ce min in koma in kore su ne, ban sani ba.

A asibitin Ƙaraye aka karɓe shi da hanzari. Likita ya ce hawan jini ne ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki, kuma an yi sa'a da aka kawo shi da wuri. Ina zaune a baranda har bayan la'asar, sai ga mahaifina. Ya fara shiga ya duba amininsa, sannan ya fito ya zauna kusa da ni. Ƙafafunsa duk taɓo.

Ya ce, "Na biya ta gonar. Mun mayar da shanun ruga."

Na ce, "Akwai saura?"

Ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Babu abin da za ka auna."

Washegari da safe na je na gani da idona. An cinye ganyen har ƙasa, abin da ba a ci ba an tumɓuke shi ko an tattake shi cikin taɓo. Turaku a warwatse, igiya ta cukurkuɗe, ba ka iya cewa nan ne iyakar wannan fegi da wancan. Na tsuguna ina tsintar gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, ban san me zan yi da su ba.

Kafin hantsi samarin gari sun taru. Ka san yadda irin wannan magana take saurin kama wuta. Wani ya ce ai da gangan ne, wani ya ce a je a kamo shanun a ɗaure a ƙofar mai unguwa sai an biya, wani ma ya fara kawo tsofaffin maganganu da ba su shafi Baffa ba. Mahaifina ya bari suka gama. Sannan ya nuna ni ya ce, "Wanda aka yi wa ɓarnar ga shi nan tsaye. Shi ya goya mai shanun a bayansa ya kai shi asibiti. To ku wa kuke taya fushi?" Ɗaya bayan ɗaya suka watse.

Cikin satin ɗan Baffa ya dawo daga kudu, labari ya iske shi. Ya zo gidanmu janye da bajimi, ya durƙusa a gaban mahaifina ya ce a karɓa. Mahaifina ya ce ya mayar, ya sayar ya yi wa ubansa magani. Abin da na rasa ba a sayar da shi a kasuwar shanu.

Na sake shukawa, don kada a ce ban gwada ba. Amma damina ta riga ta yi nisa, ruwa ya ɗauke kafin ƙwaya ta cika, na tono kwanso babu komai a ciki.

Da aka janye yajin aiki muka koma makaranta, kowa yana ta rubutu. Abokina da muke ɗaki ɗaya ya ji labarin ya ce, "Kana da awon makonnin farko, ko? To sauran ka zauna ka cike da kanka. Wa zai tashi daga nan ya je Yammedi ya tono gyaɗa? Kada ka kashe kanka a kan gaskiyar da babu mai dubawa." Ba mugun mutum ba ne, tausayina yake ji. Kuma maganar ta zauna min a rai kwanaki. Na san yadda lambobin ya kamata su kasance, da na rubuta babu mai ganewa, in dai Malama ta rufe ido.

Na je ofishin Malama ina ta kewaye-kewaye, ina cewa ko akwai wata dabara da za a yi da ɗan awon da ke hannu. Ta gane inda na dosa tun ban ƙarasa ba.

Ta ce, "Kai da kanka ka turo min hotunan ɓarnar. Ko da ban gani ba, ba zan sa hannu a kan nauyin gyaɗar da ke cikin tumbin saniya ba. Kai ma in ka rubuta, duk ranar da ka dubi takardar digirin za ka tuna."

Ta tashi da kanta ta je wajen shugaban sashe, ko za a bari in canza batu zuwa wanda ba ya bukatar shuka. Aka ce lokaci ya ƙure, an riga an sa ranar da malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a zai zo ya saurari kowa. Ta dawo ta faɗa min sai dai in sake rajista baɗi, in jira wata daminar. A nan ne na gaya mata maganar shekaruna da bautar ƙasa. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

Ta ce, "Wannan ban san da shi ba." Ta dube ni. "Ba ni da maganar da za ta rage maka zafi. Amma mutumin yana da rai?"

Na ce, "Yana da rai."

Ta ce, "To."

Na rubuta jarrabawar ƙarshe tare da kowa, kuma na cinye duka. Ranar da aka fito daga takarda ta ƙarshe 'yan ajinmu suka sa fararen riguna ana rubuta musu fatan alheri a jiki, ana hotuna, ana rungumar juna. Wata ta miƙo min alƙalami na sa mata hannu. Na zame ta bayan ɗakin karatu na ɗauki jakata na nufi tasha.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi nauyi. A gida kowa ya gan ni sai ya ce, "Malam, yaushe za a tafi bautar ƙasar?" Mahaifiyata ta koyi amsawa a madadina, ta ce sai an kira shi. A waya kuma hotuna suka fara shigowa, wannan daga gabas, wancan daga yamma, kowa cikin kaki yana murmushi. Ina yi musu fatan alheri da gaske, in kuma kife wayar. Ban je rugar Baffa ba tun da aka sallamo shi. Ba haushinsa nake ji ba, na san bai yi komai ba. Shanun ne ba na son gani. In na ji kukansu daga nesa sai in canza hanya.

Shi Baffa an ɓoye masa abin da ya faru. An dai ce masa shanu sun ɗan taɓa gona. Sai da rani ya yi, aka kawo su gonarmu kamar kowace shekara, wani ya yi suɓul da baka a gabansa. Washegari da safe ɗansa ya zo ya yi sallama ya ce Baffa yana kirana.

Na same shi zaune a kan tabarma, an jingina shi da jikin bukka, hannun dama a kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Ya rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi jiki, ya amsa da kai. Maganarsa tana fita a hankali, kalma-kalma, sai ka kasa kunne.

Ya ce, "An ce karatunka. Shanuna."

Na ce, "Baffa, haka Allah ya rubuta."

"An ce suna bakin gona ka iso."

"Haka ne."

"Da ka kore su."

Na ce, "Da na tsaya korarsu, da ban same ka da rai ba."

Ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "Ni na gama nawa. Kai yanzu ka fara. Da ka bar ni."

Sai hawaye suka zubo masa ta ido ɗaya. Duk wanda ya san dattijon Bafulatani ya san abin da ake nufi da ya yi kuka a gaban ɗan cikinsa. Ɗansa ya juya mana baya ya tafi wajen maruƙa kamar an aike shi.

Na ce, "Baffa, in aka mayar da ni wannan rana, kai zan sake ɗauka."

Gaskiya lokacin da na faɗi haka, na faɗa ne don in kwantar masa da hankali. Amma a hanyar komawa gida na yi ta juya maganar, ina neman inda ƙarya take a ciki, ban samu ba. Na gwada ɗaya hanyar a zuciyata: ga ni cikin kaki a wani gari mai nisa, ga kuma mutumin da ya mutu a gindin marke ina bin bayan shanu da itace. Na ga ba zan iya zama wannan mutumin ba. Tun daga ranar zafin bai tafi ba, amma ya daina hana ni cin abinci.

Da yamma na tambayi mahaifina, na ce, "Baba, da kai ne a wurin, me za ka yi?" Ina jiran ya ce ai abin a fili yake. Sai ya ce, "Ban sani ba. Ni Allah bai gwada ni da shi ba, kai ya gwada."

Sabuwar shekarar karatu ta zo, na koma na yi rajistar kwas ɗaya tak, wato furojet ɗin. In na shiga sashenmu sai in ga fuskokin ƙannena da na taɓa nuna wa ɗakin lakca, yanzu su ne 'yan ajin ƙarshe, suna ce min dattijo. Na karɓi sunan, tunda ya dace da ni ta kowace fuska. Da ruwa ya sauka na koma Yammedi na sake shuka a daidai wurin. Wata safiya na je na tarar an zagaye filin da ƙaya, an danne ta da duwatsu. Ɗan Baffa ne ya yi, babu wanda ya sa shi. Duk daminar kuma ta wata hanya mai nisa ya riƙa zagayawa da shanun.

Gyaɗa ta nuna, na cire, na shanya, na auna kowane fegi daban, na rubuta abin da sikeli ya nuna. Ranar kare aikin, baƙon malamin ya dubi lambata ta ɗalibi ya ga ta girmi ta sauran, ya tambaya ko me ya tsayar da ni. Kafin in buɗe baki Malama ta ce, "Damina biyu ya yi a kan aikin nan." Bai ƙara tambaya ba. Na ci da maki mai kyau. Bayan wasu watanni sunana ya fito cikin waɗanda suka kammala, aka ba ni takardar ɗauke nauyi maimakon ta kiran bautar ƙasa. Na ninke ta na sa a jaka.

Baffa bai daɗe ba bayan nan. Da jikin ya tsananta ya roƙi a mayar da shi Falgore cikin danginsa, a can ya rasu. Muka je ta'aziyya ni da mahaifina. Bayan an yi addu'a an shafa, muna shirin tashi, ɗan ya ja ni gefe, bayan wani rumbu.

Ya ce, "Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da na bar gida na faɗa wa tsohon nan maganar da ɗa ba ya faɗa wa uba. Shekarun da na yi a kudu kullum ina cewa zan dawo in roƙe shi gafara, kullum ina ɗagawa. Da ya mutu a gindin bishiyar nan, da haka zan tafi lahira da ita." Ya goge fuska da gefen rawani. "Sama da shekara ni nake ɗaga shi, ni nake yi masa alwala, ni nake ba shi fura a baki. Ya yafe min da bakinsa, ba sau ɗaya ba. Shekarar da ka rasa, ni aka ba wa."

Na riƙe hannunsa kawai, har mahaifina ya kira ni.

Yanzu malamin gona ne ni, ina yawo ƙauyukan Ƙaraye da Rogo a kan babur nawa na kaina. Ba zan ce muku komai ya zama daidai ba. Sai da na yi shekaru ina neman aiki. Wasu 'yan ajinmu an riƙe su a inda suka yi bautar ƙasa kamar yadda na yi hasashe, yau sun yi min nisa ƙwarai. Akwai ranakun da nake tunanin da ina cikinsu.

Shi ya sa in ɗalibi ya zo min da ido ja, ya ce an ƙara masa shekara, ba na ce masa ba komai ba ne. Komai ne. Shekara guda a rayuwar matashi abu ne mai tsada, kuma babu ofishin da ake zuwa a karɓo ta. Abin da nake gaya masa shi ne ya koma ya ƙarasa, da gaskiya, ko da zai zauna cikin ƙannensa ne. Takardar ba ta nuna wanda ya riga wani, kuma ba ta faɗar abin da ya tsayar da mutum a hanya.

Ni dai na rasa shekara, ba ta kuma dawo ba. Amma na san inda ta tafi, na san wanda ya ci moriyarta, na kuma ji daga bakinsa. Mutane da yawa sun rasa tasu ba su taɓa sanin inda ta shiga ba. Allah ya jiƙan Baffa, ya jiƙan namu da suka riga mu.